Kalangu a Ƙofar Gidan Kallo

Kai da kake rantsuwar ba za ka ƙara taka filin ƙwallo ba sai ƙungiyarku ta dawo hayyacinta, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari an yi wani makaɗin kalangu, Tunau, wanda ya gaji kiɗa a wurin ubansa, ya kuma ɗora wa ransa son ƙungiyar ƙwallon garin. Shekarun da take tashe, fili kan cika har bisa katanga, kowa tamu ce, tamu ce. Sai duniya ta juya mata baya. Aka ci ta a gida, aka ci ta a waje, wasa tara a jere ba ta jefa ko ɗaya a raga ba. Kafin ka ce kwabo magoya baya sun watse, sun koma gidan kallon bakin kasuwa, inda mutum zai kashe muryarsa a kan Turawan da ba su san an haife shi ba. Tunau kaɗai ya rage. Duk Lahadi bayan la'asar sai ya rataya kalangunsa ya hau dakalin 'yan kallo ya yi ta kiɗa, ba mai saurare sai 'yan wasa da awakin da ke kiwo a bayan raga. Har suna aka laƙaba masa, Makaɗin Awaki. Abin yana ci masa rai ƙwarai, amma bai taɓa fashi ba.

Attajirin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, wani dillalin hatsi, shi haƙurinsa ya ƙare. Ya ce kashin da suke sha bai dame shi ba kamar filin da ba kowa. Wasan ƙarshe na bana, in ya zo ya tarar da dakali wayam, zai kwashe ƙungiyar ya kai ta birni ya sake mata suna. Tunau ya bi majalisa majalisa yana roƙon mutane su zo. Kowa ya ce in sha Allahu, irin wadda mai faɗi da mai ji duk sun san ba zuwa za a yi ba. Ga shi kuma a ranar, a daidai lokacin, gidan kallo zai nuna wani babban wasan Turai.

Da ranar ta zo, Tunau bai je fili ba. 'Yan wasa suka fito suka dubi dakali, yau ko makaɗin ma babu, sai attajiri shi kaɗai a kujerarsa yana kaɗa ƙafa. Tun kafin hutun rabin lokaci baƙi suka zura musu ɗaya.

Tunau kuwa yana tsaye a ƙofar gidan kallo. Ka san kowane gida mai asali yana da takensa, kiɗan da aka yi wa kaka a fagen dambe ko a gayyar noma, kuma ɗan halak ba ya jin taken gidansu ya ci gaba da zama. Tunau ya haddace na garin kaf tun yana bin ubansa, ya kuma san wanda ke zaune a kowane benci a ciki. Ya matse kalangu a hammata ya fara da taken gidan Sarkin Fawa. Wani ƙaton mahauci da ke can gaba bai san sanda ya miƙe ba, ya fito tsigar jikinsa a tashe yana kirarin kakansa. Tunau ya juya kiɗa zuwa na maƙera, sai ga mutum uku. Ya koma na marina, ya koma na gidan Sarkin Noma. Ɗaya bayan ɗaya benci ya riƙa yin sauƙi. Da ya ga sun taru, sai ya juya ya kama hanyar fili yana kiɗa, kuma ba wanda zai yarda a ce ya ba taken ubansa baya ya koma kallon talabijin. Mai gidan kallo ya leƙo zai yi faɗa, Tunau ya waiwayo ya buga masa na gidansu. Mutumin ya kashe janareta, ya rufe ƙofa, ya bi sahu.

Suna tafe jama'a na ƙaruwa, masu shago, masu faci, har tsofaffin da suka fito jin abin da ya faru. 'Yan wasa na hutun rabin lokaci, suna zaune a inuwar katanga kansu a ƙasa, sai suka ji gari ya nufo su. Kyaftin ɗinsu ya ɗaga kai ya ga ubansa a cikin taron, ya share hawaye da gefen rigarsa ya miƙe. Da aka dawo daga hutu, baƙi suka rasa gane ko waɗanda suka bari ɗazu ne. Aka farke ɗaya, fili ya ɗauka. Ana saura kaɗan a tashi aka ƙara ta biyu, ihun da aka yi har a tasha an ji shi. Mahauta suka ɗaga Tunau sama da kalangunsa, daɗi ya hana shi ko buga take ɗaya daidai. Attajiri, wanda turereniya ta raba shi da kujerarsa da hularsa, ya kutso ya kama hannun makaɗin ya ce, "Ƙungiya tana nan. Wa ya isa ya ɗauke wa mutanen nan abinsu?"

To ka ji. Turawan cikin talabijin sun gama wasansu a ranar, ba su ma san an tashi an bar su ba. Waɗannan kuwa, zuwan mutanensu kawai suke jira su zama maza. Shi ya sa Bahaushe ya ce, naka sai naka, daɗin zama sai bare.