Kujerar Dattijo

Ungozoma ta daki tebur har kofin shayin sakatare ya tuntsure a kan takardu. Ƙuri'a ta tashi uku da uku, karo na biyu ke nan, kuma karo na biyu shugaba ya dubi kujerar nan ta bakwai da babu kowa a kanta, ya ce a rubuta Dattijo bai yarda ba.

Wata huɗu ke nan da shigarta kwamitin amintattu na ƙungiyar kare namun daji. Ba ita ta nema ba. Su suka tako har ɗakin haihuwa inda take aiki, suna ta zuba mata daɗin baki wai suna neman muryar mutanen da ke zaune a bakin gandun dajin. Suka miƙa mata littafin dokokinsu mai kaurin bulo, ta ɗora shi a kan kabad, don mai naƙuda ba ta jiran a gama karatu. Abu ɗaya ya sa ta karɓi kujerar, hanya.

Daga unguwarsu zuwa babban asibiti tafiyar minti ashirin ce in an ratsa gandun. In an zagaye shi, awa biyu ce cur a kan ramuka. A kan wannan zagayen ƙanwarta ta cika bara, a bayan mota, kanta a cinyar Ungozoma, jaririn ko fitowa bai yi ba. Yanzu kuma 'yarta ta fari ce ke da cikin wata bakwai, ƙafafu sun kumbura, jini na ta hawa.

Lauya da mai kantin magani suna bayanta a kan a buɗe hanya. Shugaba da likitan dabbobi da wani malami mai ƙirga tsuntsaye sun ƙi. Waɗannan ukun ta iya haɗiye su, ko ba komai a gaban idonta suke faɗin nasu, ta mayar musu da nata har da gyara. Wanda ya tsaya mata a wuya shi ne mutumin da bai taɓa tako ƙafarsa ɗakin ba, ko takardar uzuri bai taɓa aikowa ba, amma duk ranar da aka yi kunnen doki sai nasa ya rinjaya.

Ba wai ba ta tambaya ba. Ta tambaya, sai dai Ungozoma irin mutanen nan ce da ba sa barin mutum ya kai aya. Lauya ya taɓa yin murmushi ya ce ai Dattijo ba ya zuwa taro, ya ja numfashi zai ci gaba, ta ce ta ga alama, ta juya masa ƙeya. Yau ma shugaba ya fara mata bayani a hankali, wai tun kafa ƙungiyar aka ware masa kujerar, kuma tsohuwar hanyar da aka rufe ce ta cinye masa dangi kaf.

"Shi kaɗai ya taɓa rashi?" in ji ta. "Ni na wanke gawar ƙanwata da hannuna. Ina yake zaune?"

"A cikin gandun mana, ranki ya daɗe," in ji shugaba, yana dubanta kamar bai gane tambayar ba.

Wannan amsa ce ta ƙarasa tunzura ta. Wato shi yana can ciki ya miƙe ƙafa a inuwa, matan mutane kuwa su mutu a zagaye. Ta ce gobe da safe a kai ta wurinsa, in ba haka ba su nemi wata su ɗora a kujerarta, kuma duk unguwa sai ta ji dalili. Likitan dabbobi ya buɗe baki, shugaba ya dafa hannunsa, ya ce a kai ta, gara ta gani da idonta.

Da safe babban mai gadin gandun ya ɗauke ta a motar sintiri. Tun daga ƙofa take jera maganganun da za ta yaɓa wa tsohon. Za ta fara da sunan ƙanwarta. Za ta tambaye shi ko ya taɓa riƙe hannun mace yana sanyi tana cikawa. Za ta ce masa in 'yarta ta bi sahu, alhakin yana wuyansa har kabari. Da suka gifta wata matacciyar hanya da ciyawa ta cinye, mai gadi ya ce ta nan manyan motoci suka riƙa shigowa da bindigogi, shekara ashirin da suka wuce.

Ba ta ga gida ba, ba ta ga katanga ba. A bakin wani tafki ya kashe mota, ya roƙe ta ta rage murya, wai Dattijo ba ya son hayaniya.

"Ni zan rage murya? Ka kira min shi."

"Ba a kiransa, Inna. Ga shi can, shi kaɗai ya rage cikin su arba'in da ɗaya."

Ta bi yatsansa da kallo, bakinta cike da magana. Daga ƙarƙashin bishiyoyi wani tsohon toron giwa mai haure ɗaya ya fito yana jan ƙafa, ya gangara shan ruwa.