Fitilar Ƙofar Gwaggo Tabawa

Tun da aka kafa wa kowane gida fitila mai magana a ƙofa, jirgin ceto ba ya tsayawa sai inda ta yi ja. Kullum da safe takan tambayi mutanen gida halin da suke ciki.

Yau ruwa ya kai wa Gwaggo Tabawa gwiwa, amma tata koriya shar. Ta kutsa har zauren Mai'unguwa Barau.

"Mai'unguwa, sau biyu jirgi na wuce ni. Fitilar nan ƙalau take kuwa?"

"Gwaggo, da ta ce miki yaya ruwa, me kika ce?"

"Ruwa ya yi gyara mana! Da me zan ce?"

"Katangarki da ta faɗi fa?"

"Na ce da sauƙi. In kai ƙarar Ubangiji wurin fitila?"

Barau ya sosa ƙeya. "Wai masu bincike sun ce unguwarmu ta fi kowace juriya."

Tabawa ta ga tabarmarsa na yawo a ruwa. Ta dubi fitilarsa. Koriya.

"Kai me ka ce mata?"

"Alhamdu lillahi."

Jirgin ya sake wucewa, matuƙin ya ɗaga musu hannu. Su ma suka ɗaga masa.