Kada Ki Ɗauka, Inna

Rowa ce ta hana shi jin muryar mahaifiyarsa, kada kowa ya nema masa uzuri.

Da zai bar ƙauyensu na gefen Rusairis a Sudan zuwa aiki a Jidda, ya kafa mata doka: "Inna, a can ko ɗaukar kira na yi sai an caje ni. In na kira, wayarki ta yi ƙara na katse, lafiyata lau. Kada ki ɗauka, ki mayar mini da miskol kawai."

Da damina ta faɗi, kira ya yawaita. Yana aiki wayar na ruri a aljihunsa, yana cin abinci tana ruri, har a ƙofar masallaci. Ya katse, ya yi tsaki, ya tashi, ya koma ya zauna. Hankalinsa bai kwanta ba, amma bai ɗauka ba.

Bayan girbi ya dawo da akwatin tsaraba. Ƙanwarsa na tsakar gida tana sheƙe dawa, ba ta tashi ba.

"Ina Inna?"

"Tana maƙabarta tun damina, Yaya."

"Jiya ma ta yi mini miskol."

"Ni ce. Tana kwance tana roƙon a kira mata kai, muna kira kana katsewa. Da ta cika, na ci gaba da ba ka abin da ka nema."

Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Mutane suka yi ta wucewa zuwa gona. Ko mutum ɗaya bai yi masa ta'aziyya ba.