Akwatin Ɗan Masunta

Jirgin 'yan kasuwa ya kife da hantsi a tabkin Kainji. Malamin aikin katako na tsaye bakin ruwa, yana neman ɗalibinsa cikin gawarwaki.

Jiya ya kore shi daga aji, don ya cusa auduga da kwalta a kowace gaɓar akwatin jarrabawarsa, yadda masunta ke toshe jirgi.

"Akwati na ce ko kwalekwale? Kwashi abinka, koma gida!"

Ya kuwa kwasa, yau da safe ya bi innarsa mai goyo, suka shiga jirgin nan.

Ana shimfiɗe gawar yaron kusa da ta innar sai ga baƙon masunci rungume da akwatin. Cikin akwatin bushe ƙamas, jaririya na tsala kuka.

"Tsakiyar ruwa na tsinto shi. Ɗiyar ga fa, ina danginta?"