Bindiga a Gidan Suna

Dabino kwali biyu, goro, kayan jariri, da bindiga a ƙuguna. Da su na baro jihar Ohio ta Amurka, inda nake yawo da ita a fili tun da aka yi mini fashi a shago. Awa tara ina tuƙi don sunan ɗan ƙanena.

A ƙofar gidansa a unguwar Soundview ƙanen nawa ya rungume ni, hannunsa ya taɓa ƙarfe. Ya ja da baya.

"Yaya, nan New York ne fa. Ko ganinta aka yi, kurkuku ne."

"Ina da lasisi."

"Na can ne. Ni kuma takardun zamana ba su fito ba. In 'yan sanda suka shigo, har da ni za su kwashe."

"To, in bar ta a mota."

"Motar ma a New York take, Yaya."

Daga ciki liman ya sanar da sunan jaririn. Sunana aka sa masa.

Na miƙa kayan, na ja ƙofar da kaina na rufe daga waje. Zan koma Ohio in sayar da bindigar, sannan in zo in ga takwarana.