Taurari Uku a Gefen Sunan Yaya Fa'iza

Ran nan Yaya Fa'iza ta danna madannin, kwamfuta ta ɗan yi shiru, sai ga teburin sakamako ya fito, sai ga Yaya ta dafe kai. Ina bayanta ina leƙe, ko kayan makaranta ban cire ba. Ku tsaya ku ji, don wanga labari ko awa bai yi da ƙarewa ba.

Yayata ce, tana ajin ƙarshe a jami'a, tattalin arziki take karantawa. Rahoton da za ta miƙa a kan fura da nono ne: mi ke sa ƙwarya ta ƙare da wuri, mi ke sa ta yini. Ta zaɓi wata Bafillatana, Hure, mai zama bakin tasha a Adabka. Daga nan Gummi take hawa babur ta tahi, ta zauna kusa da Hure, ba ta tashi sai ƙwarya ta koma wayam, sannan ta rubuta lokaci. Ranakun da ba ta je ba, ƙawarta Shamsiyya da ke can ita ke rubutawa.

Zuwan farko sai bayan magariba ta dawo. Inna na tsaye ƙofar gida, ta yi faɗa kamar ta ari baki, wai wagga hanya ba ta yamma ba ce a wanga zamani. Yaya ta ce ƙa'idar aikin ke nan, ba ta tashi sai an sayar. Inna ta dube ta, ta shige ɗaki da wayarta. Daga ranar ba ta sake cewa uffan ba, har muna cewa Inna ta waye.

To, shi abin da Yaya ke yi a manhajar ƙididdiga, rigireshin suke ce mishi. Za ku zuba lambobi, ita kuma manhajar ta auna ta gaya muku wane abu ke jan wane. Wanda ke da ƙarfi sai ta manna mishi taurari. Yaya ta zuba zafin rana, ta zuba ranar kasuwa, ta zuba tsadar gero, sannan don cika ƙa'ida ta zuba wanda ya rubuta, ita ko Shamsiyya.

Zafin rana ya samu tauraro ɗaya. Ranar kasuwa ɗaya. Gero ko oho. Sunan Yaya Fa'iza kuwa taurari uku reras. Wai in an cire zuwan farko, duk ranar da ta zauna kusa da Hure, nono kan ƙare kafin azahar, ranar Shamsiyya kuwa sai yamma lis.

Ni dai dariya har ina faɗuwa kan buhun dawa. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta aika wa malaminta, ya bugo nan take, ina ji. Ya ce mutum ba ya zama sanadin ciniki don ya riƙe biro. Ko ta kawo dalili kafin ranar miƙawa, ko ya ɗauka lambobin ƙirƙira ne, ta maimaita shekara.

Yaya ta sake gudanar da lissafin. Ta cire ranakun ruwa, ta cire Juma'a, ta kashe kwamfutar ta kunna. Taurarin na nan kamar an dasa su.

Nan fa gida ya ɗauka. Goggo Iyatu ta ce, "Mi za a wahalar da na'ura? Saurayi ne. Ba akwai wani Jamilu mai cajin waya a tashar ba?"

"Goggo, don Allah."

"Ke dai faɗi launin atamfa."

Ni har na fara tsara rawar da za mu yi ranar biki. Inna na gefe tana ba awaki dusa. Na tambaye ta ina jar akuyarta mai ciki, ta ce ta tahi inda za ta yi amfani, in kawo mata ruwa.

Yau Asabar Yaya ta ce in raka ta. Munka iso Adabka da hantsi, munka zauna. Hure ta ce ita ma abin na ba ta mamaki, amma ba ta tambayar alheri daga ina. Ba a jima ba sai ga wata mata da babbar roba. Sai wani tsoho da jarka. Sai 'yan mata biyu da bokiti. Jamilu kuwa ko kallonmu bai yi ba, yana ta faɗa da janareta.

Yaya ta ja mayafi, munka bi masu bokitin. Lungu, kwana, bayan masallaci, sai ga mu a ƙofar da munka sani sarai: gidan Kawu Badaru, ɗan'uwan Inna. Tsakar gida cike da maƙwabta, kowa da ludayi, Kawu na tsakiya gemu fari fat da nono.

Yaya ta ce, "Kawu, shekarata guda ke kan wagga fura. Wa ke saye?"

Kawu ya lashe ludayi, ya share gemu, ya dubi rana, sannan ya ce, "Ɗiyata, ni ɗan aike ne, kuma ku kama hanya yanzu kar ta bugo ta ci ni. Innarku ce, har jar akuyarta ta sayar, ta ce duk ranar da kinka zo a kwashe ƙwaryar Hure kafin azahar don ki dawo mata gida da rana tsaka."