Tukunyar Fulera

Wahabu ya daina cin abincin kasuwa tun ranar da Fulera ta kafa tukunyarta daura da ƙofar gidansa a Zangon Sokodé.

Shi ne ɗan taurin da ake ji da shi a wasan wuƙa na watan Maulidi. Zai datse rake da tsinin wuƙa kowa ya ga kaifi, sannan ya goga ta a cikinsa, ko ƙwarzane babu. Kirarinsa ɗaya: ƙarfe bai taɓa cin ƙarfinsa ba. Abin da ba ya faɗi shi ne Alidu, maƙerinsa na shekara da shekaru, yana dakushe masa tsakiyar wuƙar ya bar tsinin da kaifi.

Bara ya je wasa can arewa, garin Dapaong, ya sayar wa wani saurayi, Djibril, garin maganin tauri. Djibril ya sha, ya gwada da wuƙar girkin uwarsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da jandarma suka tambaya, Wahabu ko kunya babu ya ce mamacin ne ya sha miyar kuɓewa, yauƙi kuwa karya magani yake yi. Maganar ta mutu a nan.

Uwar ita ce Fulera. Ta biyo Wahabu har Sokodé, tana sayar da tuwo da miyar kuɓewa, ba ta zagi, ba ta gaisuwa, sai kallo. Unguwa ta ɗauka so take ta karya masa magani. Wahabu ya san babu maganin da za a karya, amma guba fa? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsoro ya hana shi sakat, har ya tura Alidu ya riƙa zama wurinta yana sa mata ido.

Alidu kuwa bai taɓa fashi ba. Kullum zai ci tuwonsa, su daɗe suna magana ƙasa-ƙasa da yaren mutanen Dapaong, ya dawo ya ce, “Maigida, tukunya lafiya lau. Ba komai ciki.”

Ranar wasa Wahabu ya fito da azumi, ko ruwa bai yarda ya sha ba. Ya hangi Fulera a sahun gaba, ya yi mata murmushin wanda ya tsallake tarko. Ya karɓi wuƙa daga hannun Alidu bai ko dube ta ba, kamar kullum. Rake ya datse, ganguna suka ɗauka, ya ɗora tsakiyar wuƙar a cikinsa ya ja da duk ƙarfinsa.

Yana durƙushe, hannu a ciki, jini na zuba, ya ga Alidu ya ratsa taro ya tsaya kusa da Fulera, tsagen kumatunsu iri ɗaya.

“Yaya,” in ji Alidu, “na wasa ta kamar wadda na ƙera miki ta girki.”